Faifan da Aka Riƙa Kaiwa Caji Kasuwar Gandi

Duk matashin da ya zo koyon aiki shagona a Wurno, abin da yake ɗoki ɗaya ne: yaushe za a ba shi sukundireba ya kwance cikin kwamfuta, a gan shi yana ɗaure-ɗaure. In na ce musu rabin abincin da na ci a sana'ar nan daga ajiye wa mutane imel na ci shi, sai su kalli juna suna ƙunshe dariya. Wani ma ya taɓa ce mini, "Oga Garba, imel ai bisa shike, mi za a aje?" A ganinsu aikin bai wuce danna nan, danna can ba. To, tunda an ɗauke wuta kuma ba ni da niyyar ƙona mai a janareto, ku gyara zama.

A Sakkwato na koyi aiki, wurin wani mutum da ake kira Oga Lawali. Lokacin sabis ba a cikin aljihun kowa yake ba. Ofisoshi da ɗan modam suke fama, ya kama yanzu, anjima ya saki. Shi ya sa ake sa manhajar wasiƙu a kan kwamfutar kanta. In sabis ya zo, sai ta yi maza ta janyo saƙonni ta sauke, mutum ya karanta a tsanake ko da sabis ya gudu. Kuma yadda ake saita ta a zamanin, da zarar ta sauke saƙo sai ta goge shi daga can sama. Ke nan duk wasiƙun mutum, da waɗanda suka shigo da waɗanda ya aika, da hotuna da takardun da aka liƙa musu, suna cikin fayil guda ɗaya a cikin kwamfutarsa, ba su da wani gida. Ranar da na gane haka na daɗe ina kallon injin da ke gabana. Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce shekarun mutum na hulɗa da jama'a suna kwance a abin da ɗigon shayi zai iya kashewa.

Oga Lawali ba ya yawan magana, amma yana da wata ɗabi'a da ta ƙona mini rai a farko. In na kwafi fayil ɗin wasiƙun wani, ba zai karɓi aikin ba sai na ɗauki faifan na kai wata kwamfuta da ke ƙuryar shago, na buɗe shi a can, na shiga folda-folda, na buɗe tsohon saƙo da sabo, na buɗe abin da aka liƙa. In na ce ai na ga kwafin ya kammala, sai ya ce, "Ka gani, ko ka buɗe?" Shi ya nuna mini cewa in ka kwafi fayil ɗin alhali manhajar tana buɗe, za ka iya samun abu mai girma daidai, mai suna daidai, amma ranar buƙata ya ƙi buɗuwa. Sai an rufe ta, an jira ta gama numfashi, sannan a kwafa.

Sakataren wata ƙungiyar manoman albasa a Goronyo shi ya koya mini cewa dole in riƙa yi wa mutane bayani kafin in taɓa musu kaya. Kwamfutarsa ta yi nauyi har yakan kunna manhajar, ya tafi ya yi alwala, ya yi salla, ya dawo bai tarar ta buɗe ba. Na duba na ga fayil ɗin ya cika ya batse. Maganinsa shi ne kwashewa: a zaɓi wani lokaci, duk saƙon da ya girmi lokacin a ɗebe shi daga babban fayil a zuba a wani na daban. Na yi, injin ya koma gudu, na hau babur na dawo gida ina jin kaina. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shago, ko hula bai daidaita ba, wai na sace masa wasiƙun shekarun baya. Sai da na koma Goronyo na nuna masa su a ƙasan jerin folda, na ce ya ɗauka albasa ce aka kwashe daga gona aka zuba a rudu, rumfar karan nan da suke adana ta. Gonar ta zama fayau, amma albasar tana nan. Daga nan ku riƙe bambancin. Kwafi, kana da abu biyu. Kwashewa kuwa, abu ɗaya ne ya sauya wuri, kuma in wurin ya ƙone shi ke nan.

Kayan aikina ba su da yawa. Burushin share fanka, sukundireba, filashi, faifan ajiya na waje irin mai waya a gindi, da ɗan janareto. Sai waccan tsohuwar kwamfutar da kuke ɗora kwanon abinci a kanta, wadda nake kira Gwaggo. Kun sha tambayata me ya hana in sayar wa 'yan gwangwan da ita. Labarin da zan ba ku shi ne dalili.

Malam Haliru tsohon malamin makaranta ne, ɗan wani gidan malamai a nan Wurno. Da ya ajiye aiki sai ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙaramar kyamara, ya ɗauko wani aiki. Kakansu, wanda suke kira Malam Babba, ya bar littafi da ya rubuta da hannunsa a kan hisabin taurari da lokutan shuka. Warwararrun takardu ne a cikin gafaka, kuma da shi gidan suke amsa wa manoma in sun zo tambaya gabanin damina. Malam Haliru yakan shimfiɗa shafi a kan buzu, ya ɗauki hotonsa, ya aika ta imel ga wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a ƙasar waje, wanda ya yi alkawarin buga shi da na'ura. Hotuna suna da nauyi, sabis kuma ba ƙarfi, saboda haka kaɗan-kaɗan yake aikawa. Da fayil ɗinsa ya yi nauyi, na sa ya sayi faifan waje. Na kwashe tsofaffin shekarun na zuba a ciki, kuma duk lokacin da ya kira ni gyara sai in ƙara masa cikakken kwafin abin da ke kan kwamfutar. Ya sa aka ɗinka wa faifan 'yar jakar fata, yana ajiye shi tare da kwalbar turarensa.

Allah Ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Aka yi rabon gado, kwamfutar ta faɗa rabon babban ɗansa Nasiru, shi kuma ya ba 'ya'yansa, aka kai ta birni aka wanke ta tas aka zuba sababbin abubuwa. Ni ban ma ji ba sai daga baya.

Sai shekarar ruwa ta zo. Waɗanda suka girma a cikinku sun tuna ta. Gulbi ya cika ya tumbatsa, fadama ta zama tafki, ɗakunan ƙasa suka riƙa zubewa. A sana'armu ma ba mu taɓa ganin irinta ba. Dama wayoyi sun fara cinye mana kasuwa, ga shi kuma ana kawo mini kwamfutoci daga Rabah da Goronyo da laka har cikin fanka. Abin da ya fi ba ni haushi, da yawa sun yi kwafin, amma sun ajiye faifan a aljihun teburin da kwamfutar take kai. Ruwa ɗaya ya ci duka biyun. A gidan su Malam Haliru kuwa, ɗakin littattafai ne ya rufta. Da aka tono gafakar Malam Babba, takardun sun manne sun zama dunƙule, tawadar ta narke.

Ana haka sai ga Nasiru a shago wata safiya, ya goyo ƙanin mahaifinsa a babur, wato Baba Liman. Tsoho ne siriri mai kaifin ido, ya doshi tamanin, kuma shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda suka karanci littafin a gaban mahaifinsu. Na share masa benci. Bayan gaisuwa da jajen ruwa ya ce, "Garba, an ce kai ka gyaran injin Yaya. Mun nemi yaron da yaka aika ma hotuna, ya ce akwatin wasiƙunai ya ruhe tun tuni, bai iya buɗe shi. Nasiru yac ce mu zo gare ka. Ni dai na ce mai wahala ta. Abin da mutum ya aika ai ya bar hannunai. In ka ba direba takarda tasha, ta tahi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wanga direba bai tashi sai an bar kwafi gida."

Ya gyara zama, ya ajiye sanda. "Wa ka kwafar? Wa yas sa shi?"

Na yi masa bayanin foldar abin da aka aika, da kwashewa, da cikakken kwafi. Ban taɓa samun mai tambaya irinsa ba. Ya so ya san ko kwafin yana gajiya in an yi ta kwafarsa, da ko injin yana gyara kuskuren da ya tarar ko barinsa yake yi. Da na ce barinsa yake yi yadda ya gan shi, sai ya ce to wannan magatakarda ne mai amana. Sannan na tambayi inda faifan mai jakar fata yake. Nasiru ya ce ai ƙanwarsa Saratu ta ɗauka a cikin ƙananan kaya, ita da ke aure a Gandi. Har ya ciro waya zai ce a ba direba ya kawo, Baba Liman ya ɗaga masa hannu.

"Abin ga rabon Saratu na. Ba a taɓa shi sai da yardatta. Tashi mu tahi."

Hanyar Gandi bayan ruwan nan ba ta biyuwa da daɗi, amma muka je, ni da babur ɗina, su da nasu. Maigidanta ya yi mana iso zaure. Saratu ta fito ta durƙusa ta gaida Baffanta, aka gaya mata abin da ya kawo mu. Ta koma ciki ta fito da jakar, tana juya ta a hannu.

"Wanga? Baffa, ai abin cajin waya na. Kuma ban taɓa ganin marar amfani irinai ba. Duk ran kasuwa nika aika shi wurin mai caji shi wuni can, in an kawo in jona waya, ko ɗigo bai ba ta."

Na dubi jakar. Na ce, "Hajiya, duk ran kasuwa?"

"Da dauri dai. Mai cajin yac ce shina jin shi shina gurnani, alamar shina sha. Da nig gaji sai nib bari. Ni dama don ƙamshin turaren Baba na ɗauke shi."

Ku da kuka san rumfar mai caji, da janaretonta mai hawa da sauka, da yadda ake jibge wayoyi a kan katako, kun san abin da nake tunani. Faifai irin wannan akwai faranti mai juyawa a cikinsa, faɗuwa ɗaya daga kan benci ta ishe shi. Ban ga laifinta ba, don wallahi kamarsu ɗaya da abin cajin, har wayar. Na ce sai an kai shi shago. Ta ce inda za shi nan za ta, maigidanta kuma ya amince. Washegari ta shigo motar safe da jakar a ƙulle a bakin mayafi.

Na tayar da janareto, na bar shi ya daidaita. Na jona faifan, na kara shi a kunne kafin in kalli allo. In ka ji ƙas-ƙas kamar agogo, cire shi kawai ka yi addu'a. Wannan gurnani yake yi, da ɗan tari jefi-jefi, amma ya juya, ya kuma nuna abin da ke cikinsa. Ban buɗe komai ba. Na fara kwafe fayilolin gaba ɗaya zuwa injina, muna zaune muna kallon layin nan yana rarrafe. Sau ɗaya ya tsaya cik, sannan ya ci gaba. Baba Liman ya tambayi me ya hana in buɗe a kan na Saratu kai tsaye. Na ce ba a aiki a kan asali, in wani abu ya ɓaci a rasa wurin komawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mu ma hakanan. Asali bai hita ɗaki, kwafi ka yawo." Da ya gama na zare faifan na mayar wa Saratu da abinta.

Sabuwar kwamfutata da na kwafe a kanta ta ƙi buɗe fayil ɗin. Manhajar da ke kanta ta zamani ce, ta kalle shi ta ce ba ta san shi ba. Nasiru ya dafe kai. Ni kuwa na sauke tarkacen da ke kan Gwaggo, na hure mata ƙura, na kunna ta. Tsohuwar manhajar da na saita wa Malam Haliru irinta ce a kanta. Na ɗauko mata kwafin a filashi, na buɗe fayil ɗin a gefe, shi kaɗai, ban zuba shi cikin wani akwati ba, don in ka zuba sai saƙonni su cakuɗe da na wani, wasu su fito bibbiyu. Gwaggo ta yi nishinta, sai ga foldoji sun jeru.

Ƙa'idata ba na karanta wasiƙar kowa, na kuwa faɗa musu. Baba Liman ya ce, "Daidai na. Ka hiddo na yaron nan kaɗai. Sauran na Yaya na, ko ya mutu." Na shiga foldar abin da aka aika, na tace da sunan ɗalibin, na buɗe hoton farko.

Ga rubutun Malam Babba, baƙar tawada da ja, a kan buzu. A gefen shafin kuma ga babban yatsa ya danne takardar don kada iska ta ɗaga ta, farcensa da tsagar da ƙofa ta taɓa yi masa. Saratu ta matso har goshinta ya kusa taɓa allo. Ta ce, "Hannun Baba na." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kowane shafi muka buɗe, yatsan yana nan.

Ni a wurina aiki ya ƙare, har na fara naɗe waya. Baba Liman ya ce, "Ina za ka? Ba a yi muƙabala ba." Na tambaye shi mece ce muƙabala. Ya ce in an kwafi littafi, ba a cewa an gama sai an zauna an bi shi shafi-shafi an tabbatar ba abin da ya faɗi. Na ce ashe Oga Lawali muƙabala yake sa ni ban sani ba. Takardun ba su da lamba, kuma Malam Haliru ya aika wasu a gaba wasu a baya, wasu sau biyu in sabis ya yanke. Baba Liman ya nuna mini wata kalma ita kaɗai a kusurwar ƙasan kowane shafi. Ya ce ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, da ita ake jera takardun in sun warwatse. Na sha ganin irin takardun nan, ban taɓa tambayar amfaninta ba. Haka muka zauna, yana karanta kalmar ƙasa, ni ina nemo hoton da ya fara da ita, Nasiru yana sa wa hotunan lamba. Salla da abinci kawai ke tashinmu.

Da abin da na kwashe ya ƙare, littafin bai ƙare ba. Sai na buɗe ɗaya fayil ɗin, cikakken kwafin da na yi a zuwana na ƙarshe, gab da ya kwanta jinya, muka sami na shekarar da ya rasu. Da su ma suka ƙare, na leƙa akwatin fita, inda saƙo ke jira in sabis ya ƙi. Akwai guda ɗaya da bai taɓa tafiya ba, da 'yan shafuka a liƙe. Muka jera su. A ƙasan na ƙarshe akwai kalma a kusurwa, kamar sauran. Na bincika ko'ina, har kwandon shara. Babu hoton da ya fara da ita. A nan jinya ta tsayar da Malam Haliru, sauran kuma ruwa ya cinye.

Na faɗa musu gaskiya, iyakar abin da ke akwai ke nan, kuma ba wani injin da zai fito da abin da ba a saka masa ba. Nasiru ya tambayi Baffansa ko saura da yawa. Ya ce babin ƙarshe ne, na taurarin ƙarshen damina, wanda masu albasa suka fi tambaya.

Baba Liman ya daɗe yana kallon kalmar. Sai ya karanta ta a fili, ya rufe ido, ya ɗora da abin da ke bayanta, da irin muryar da ake karatu a zaure. Ya yi layi kaɗan ya tsaya. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya wuce inda ya tsaya da farko, ya sake tsayawa, leɓensa na motsi. Can ya buɗe ido ya dube ni.

"Garba, in abin ga naku ya tsuhwa, ya hwara gurnani da tari, mi kaka hwara yi?"

Na ce, "A kwafe abin da ke ciki nan take, Allah gafarta Malam. Ba a jiran gobe."

Ya juya wurin Nasiru ya ce, "To mi kaka jira? Tashi ka samo biro da takarda."

A kan bencin da kuke zaune aka fara, aka ƙarasa a zaurensa cikin 'yan makonni. Yanzu littafin yana wuri uku, ɗaya a nan, ɗaya wurin Nasiru, ɗaya a Gandi cikin jakar fata, kuma duk shekara sai na bi su na buɗe. In kuka kai babin ƙarshe za ku ga rubutun ya sauya, biro ne da hannun Nasiru, ba buzu, ba yatsa. Za ku kuma ga filaye fari fat a tsakiyar layi, wani kamar faɗin yatsa biyu, wani rabin shafi. Nasiru ya so ya cike su da abin da ya ga ya dace da ma'ana, Baba Liman ya hana. Ya ce nan ne inda ya manta, a bar wa masu zuwa su san akwai abin da ke wurin.